Waƙar Halilu a Bakin Sarewa

Ranar Lahadi ce, kasuwar Illela tana ci. Shekarar da soja suka rufe boda ce, don haka kara, wato kasuwar shanu, ba ta cika yadda ta saba ba, amma duk da haka sai mutum ya yi ta kauce wa ƙahon shanu kafin ya samu hanya. Halilu ya baro rumfar masu allurar dabbobi, inda ya wuni yana lura da ma'aikatansa, ya nufi wajen mai tsire. Bai kai ba ya ji wani kiɗa da ya tsayar da shi cak.

Wani dattijo ne zaune a gindin darbejiya yana kaɗa gurmi, 'yan kara sun zagaye shi. Waƙar ta makiyaya ce, tana ba da labarin garken da ya taho ya iske an rufe hanya, shanu suna wannan ƙasa, ciyawa tana waccan. Halilu bai taɓa jin kalmomin ba. Kiɗan kuwa ya san shi kamar yunwar cikinsa, don shi ya yi shi.

A Illela ba wanda ya san Halilu da kiɗa. An san shi jami'i a sashen dabbobi na ƙaramar hukuma, ɗan gidan ma'aikata daga Sakkwato, mai farin kaftani da basfa. Amma lokacin da yake karatu a Kaduna ya tara suma, ya sa wando mai faɗin baki, shi da abokansa suka kafa ƙungiya mai suna 'Yan Tsawa. Kiɗan Turawa mai ruri suke yi, wanda ake kira rok, da jita mai lantarki da ganguna. Yawanci waƙoƙin wasu suke maimaitawa a otal-otal, don su masu rawa ke so. Halilu ne ya nace sai sun yi tasu da Hausa. Suka je Legas suka buga faifai guda, a ciki akwai waƙarsa mai suna "Jirgi Ya Tsaya Ƙaura," labarin Basakkwacen da ke marmarin gida amma layin dogo ya ƙare a Ƙaura Namoda, sauran tafiyar sai a bayan babbar mota. Faifan bai yi kasuwa ba. Mai ganga ya shiga soja, mai waƙa ya zauna Legas, mahaifin Halilu kuma ya aiko a gaya masa cewa gidansu ba a taɓa yin maroƙi ba. Ya aske suma, ya dawo ya kama aikin gwamnati.

Da farko ya ce wa kansa ai kiɗa na kama da kiɗa. Sai dattijon ya zo tsakiyar waƙar, ya daina rerawa, ya bar gurmi na magana shi kaɗai. A nan ya ja yatsansa kan tsirkiya, sautin ya zame ƙasa kamar wanda ya taka santsi, sannan ya miƙe. Halilu ya ƙara kasa kunne. Wannan zamewar ba ya cikin waƙar da ya tsara. Ranar da suke ɗaukar faifan gumi ya sa yatsansa ya suɓuce, mai ɗaukar sautin kuma ya ƙi a sake, ya ce wasu na jira a waje. Shekara da shekaru duk lokacin da ya tuna wurin sai ya ji kunya. Ga shi nan a gindin darbejiya, a kan gurmi mai tsirkiya biyu, daidai inda ya faru.

Da aka watse ya matsa ya durƙusa.

"Baba, sannu da aiki. Wagga waƙa, wa yay yi ta?"

Dattijon, wanda 'yan kara ke kira Na'Allah, ya dube shi sama da ƙasa. "Mi? Ga bakin wa kaj ji ta? Ai tawa ta."

"Har kiɗin?"

Na'Allah ya yi dariya, ya goge wuyan gurmin da gefen riga. "To, tunda malamin allura na ka tambaya, ban yi maka ƙarya. Maganar tawa ta. Kiɗin ga wani Bafillace nij ji shi, Boyi, mai sarewa, can wajen Tozai. Ya busa shi nan kara, ya shige min kunne ya ƙi fita."

"Shi kuma ina yas same shi?"

"Wannan sai ka tambaye shi. Halan ga shanu."

Halilu ya manta da tsiren. Da ya isa gida matarsa Rahmatu, wadda ke koyarwa a makarantar firamare, tana tsakar gida tana tsinke zogale. Ya ba ta labarin duka yana tsaye, ko takalmi bai cire ba. Rahmatu ta san akwai wani dogon akwati baƙi a bisa kwabar ɗakinsu, ta san abin da ke ciki, amma tun da aka kawo ta ba ta taɓa ganin an buɗe shi ba.

"Ka gaya mishi taka ce?" ta tambaya.

"In ce mi? Mutum da kaftani da biro ga aljihu ya ce wa mai gurmi kiɗinka nawa na? Dariya za su yi."

"Ni dai abin da nike son sani," in ji ta, "yadda faifan da ko gidanku ba a saurara ba ya kai ga mai kiwo a Tozai. Da ƙafa ya tafi?"

Abin da ya hana Halilu sukuni ke nan. Cikin makon aka tura ma'aikata yin allura a yankin Tozai. Ba dole ba ne ya bi su, amma ya hau basfarsa ya bi. Aka nuna masa rugar su Boyi bayan gari, kusa da wani tafki da ya fara janyewa. Boyi dogo ne, magidanci, da malfa a ka da sarewar kara rataye a wuya. Ya zaci maganar allura ce, har ya fara rantsuwa cewa duk shanunsa an yi musu. Da ya ji abin da ya kawo baƙon sai ya saki jiki, ya shimfiɗa masa tabarma, aka kawo nono mai sanyi a ƙwarya.

Ya ɗaga sarewar ya busa. Waƙar ta fito a hankali, ta yi laushi, ta yi tsawo, har Halilu ya kusa kasa gane farkonta. Amma da aka zo tsakiya sai Boyi ya zame yatsa daga ramin sarewar sannu sannu, sautin ya sulale ƙasa ya dawo.

"Wurin ga," in ji Halilu, "mi ya sa kake yin shi haka?"

"Haka shike," Boyi ya ce, da Hausarsa mai ɗanɗanon Fulatanci. "Shi na ya fi wuya. Na daɗe kafin in iya. In babu shi ai waƙar ba ta da gishiri."

"A ina ka ji ta?"

Boyi ya shiga bukka ya fito da ƙaramar rakoda da aka ɗaure murfinta da zare, da wani kaset marar rubutu. Ƙanwarsa Mero, wadda ke aure a ƙetare wajen Ƙonni, ita ta zo masa da shi kafin a rufe boda. Ta saye shi da sefa a hannun wani mai kaset a bakin tasha, don kawai ta ji ana kunnawa ya yi mata daɗi. Ya fito da batura daga inda ya shanya su a rana, ya zuba, ya danna.

Halilu ya yi tsammanin zai ji kansa da 'Yan Tsawa. Ba su ba ne. Wasu mutane ne dabam, a wani fili, don ana jin tafi da kukan jariri a bayansu. Jitarsu siririya ce, gangarsu kamar garwa, mai rerawa kuma mace ce, da wani harshe da ya yi zaton Zabarmanci ne. Ba kalma ɗaya da ya gane. Amma waƙarsa ce, an rage mata gudu, an ƙara mata wani amshi da bai san shi ba. Da aka zo tsakiya, mai jitar, wanda Allah kaɗai ya san ko wane ne, ya zame yatsa da gangan, har sau biyu, jama'a suka yi shewa.

Halilu ya fashe da dariya har nonon ya kusa ɓarewa. Boyi ya kashe rakodar, ya dube shi yana jiran bayani.

"Boyi, in na gaya maka ni na fara yin kiɗin nan, za ka yarda?"

Boyi ya dubi kaftanin, ya dubi basfar, ya sunkuyar da kai cikin ladabi. "Malam ba ya ƙarya," ya ce, da muryar da ke nuna bai yarda ba ko kaɗan. Can ya ƙara da cewa, "Matata ta sauka, an samu ɗiya. Jibi suna. Na'Allah zai zo da gurmi. In Malam na da abin kiɗin, ya taho da shi mu ji."

A hanyar komawa Halilu ya yi ta kawo wa kansa dalilan ƙin zuwa. Ma'aikatansa za su ji. Labari zai kai sakatariya, daga nan ya kai Sakkwato. Yatsunsa ma sun yi laushi, ƙila ba za su iya danna wayar jita ba. Da ya shiga gida sai ya iske baƙin akwatin a kan gado, Rahmatu ta sauke shi ta goge.

"Ban buɗe ba," ta ce. "Amma in ba ka buɗe ba zan buɗe."

Jitar ja ce, fentin ya ɗan tsage a gindi, wayoyin sun yi tsatsa amma ba wadda ta tsinke. Ya goge su da kananzir. Ya fito da ƙaramin akwatin da ke ƙara wa jitar sauti, ya kai wa mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, ya juya masa wayoyi yadda zai yi aiki da batirin mota. Mukhtari, direban ofis, ya yarda ya kai shi da Rahmatu a motar aiki, bisa sharaɗin ba za a shanye masa batir ya kwana a daji ba.

Suka isa bayan azahar. An yi raɗin suna tun da safe, an sa wa jaririyar Lubabatu, an ci nama, mata suna gefe guda da ƙorai, maza suna ƙarƙashin gawo. Rahmatu ta tafi wajen mata ta yi barka. Na'Allah na zaune yana gyara gurmi, da ya ga abin da ake saukewa daga mota ya miƙe ya zo ya zagaya shi.

"Wanga molo na ko bindiga?"

"Jita sunanta, Baba."

"Tsirkiya shida! Mutum guda zai yi mi da tsirkiya shida? Ni biyu sun ciyar da gidana."

Mukhtari ya ɗaure wayoyin a kan batir. Halilu ya rataya jitar, ya ji nauyinta a kafaɗa kamar na jiya, ya murɗa sautin zuwa inda ya saba a Kaduna, ya buga. Ƙarar da ta fito ta sa maruƙan da ke ɗaure suka tsinke igiya, kaji suka watse, wani tsoho ya yar da butarsa yana salati. Jaririyar ta canyara kuka daga cikin bukka. Samari suka bi maruƙa da gudu suna dariya.

Wata tsohuwa ta taso daga cikin mata, Altine, mahaifiyar Boyi. Ta tsaya gaban akwatin ta dube shi, sannan ta dubi Halilu.

"Ɗana, abin naka ba ya iya magana sai ihu?"

"Yana iyawa, Inna."

"To ka ce mishi akwai jinjiri."

Ya rage sautin ƙwarai. Sai wata matsalar ta taso. Boyi ya busa farkon waƙar, Halilu ya bi shi, sai sautukan biyu suka yi ta karo, ba su haɗu ba. Sarewar kara ba ta da abin murɗawa, yadda aka huda ta haka za ta mutu. Halilu ya ce Boyi ya riƙe sauti ɗaya ya daɗe, shi kuma ya sassauta wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya har suka sauko inda sarewar take. Na'Allah ya matsa fatar da ke ɗaure tsirkiyarsa ya same su a can. Jama'a suka zagaye su suna kallon wannan aiki kamar ana ɗorin karaya.

Suka fara. Halilu ya ɗauki gudun da ya sani, na faifai, mai sa matasa tsalle. Altine ta kifa ƙwarya ta fara bugawa da zobban hannunta, amma nata bugun na tafiyar shanu ne, ba gaggawa. Ya ja, ta ƙi. Ya ƙara ja, ta dube shi ta ci gaba da abinta, sauran matan suka bi ta da tafi. Ya ga shi kaɗai ke gudu, sai ya saki, ya koma bayanta. Da ya koma sai ya ji akwai fili tsakanin bugu da bugu wanda bai taɓa sanin waƙar na da shi ba, ya fara cusa 'yan ƙananan sautuka a ciki, Na'Allah yana amsa masa da gurmi.

Na'Allah ya rera nasa baitocin na garke da boda. Wata budurwa ta karɓa da Fulatanci. Sai Na'Allah ya miƙa wa Halilu haɓa, alamar saura kai. Halilu bai yi niyyar buɗe baki ba, amma ya ji kansa yana rera kalmomin farko, na jirgin da ya tsaya Ƙaura da fasinjan da ke leƙen hanyar Sakkwato. Muryarsa ta dushe da rashin amfani. Mukhtari, wanda ya taɓa yin wannan tafiya a bayan motar gyaɗa, ya yi ihu ya ce, "Aradu haka ake yi!"

Da aka zo tsakiya kowa ya yi shiru aka bar jita. Halilu ya buga wurin yadda ya tsara shi tun asali, tsaf, ba zamewa, abin da ya yi shekaru yana so a ce shi ke kan faifan. Boyi ya sauke sarewa daga baki.

"Malam, ka tsallake."

"Ban tsallake ba. Haka ya kamata ya zama. Wancan kuskure na yi, hannuna ya suɓuce."

Na'Allah ya dafe gurminsa. "Kai ka yi kuskuren? Da hannunka?"

"Da wannan yatsan."

Na'Allah da Boyi suka dubi juna. Na'Allah ya ce, "To yanzu na yarda kai na mai waƙar. Ba wanda zai zo har Tozai ya yi ƙaryar kuskure. Amma ka yi haƙuri, mu da shi muka san ta. Koma ka suɓuce."

Aka yi dariya, har da Altine. Halilu ya koma. Abin mamaki, suɓucewa da gangan ta fi wuya. Karo na farko ya yi sauri, na biyu ya wuce wurin. Boyi ya busa masa a hankali yana nuna masa da gira inda ake jinkirtawa, har ya samu. Da su ukun suka zame tare, jita da gurmi da sarewa, mata suka rangaɗa guɗa, samari suka shiga fili da sandunansu a kafaɗa. Aka maimaita waƙar har Mukhtari ya fara kewaya motarsa yana duban rana. Kafin su tashi Boyi ya kawo rakodarsa ya ajiye a tsakiya, ya sa wani tsohon kaset ya danna ɗauka, aka sake yi masa ita daga farko.

Suka kama hanyar gida a mota. Da suka wuce Araba Rahmatu ta ce, "Ashe haka fuskarka take in kana kiɗa. Ban taɓa ganin ta ba." Sannan ta ce, "Matar nan ta cikin kaset ɗin Mero da ka ba ni labari, mi take faɗi?"

"Ban sani ba."

"Ba ka son sani?"

Labari ya kai sakatariya kamar yadda ya zata. Wasu suka riƙa kiransa Sarkin Kiɗa a bayan ido, shugaban sashensu ya kira shi ya ce a daina ɗaukar motar aiki zuwa biki. Daga Sakkwato yayansa Attahiru ya zo, ya yi faɗa a zaure, bayan an ci abinci kuma ya ce a ɗan kaɗa masa ya ji abin da ake ta magana a kai. Yatsun Halilu suka sake yin kanta. Wasu ranakun Lahadi, in kasuwa ta tashi, Na'Allah kan biyo ta gidan su zauna a ƙofa, ya koya masa tsofaffin kaɗe-kaɗen noma, shi kuma ya nuna masa abin da ake yi da sauran tsirkiya huɗun.

Kaset ɗin Mero kuwa Halilu ya aro shi ya kai wa wani Bazabarme mai sayar da goro a kasuwa. Mutumin ya saurara ya ce matar na waƙar wani jirgin ruwa ne da ya kafe a yashi lokacin da kogi ya janye, miji na ciki, mata na jira a gaɓa. Bai san ko wace ce ba.

Da aka buɗe boda, Halilu da Rahmatu suka shiga Ƙonni a kan basfa. Suka sami mai kaset ɗin a bakin tasha, cikin wata rumfar kwano. Ya saurari kaɗan ya ce ya tuna, wani direba daga garin Tawa ne ya kawo masa asalin kaset ɗin, an ɗauka a wajen wani biki can. Matar bai san sunanta ba, amma mai jitar gurgu ne, yana gyaran keke kusa da babbar kasuwar Tawa, kowa ya san shi.

"Nan da Tawa nisa ne?" Rahmatu ta tambaya.

"In kun samu mota yanzu, kafin la'asar kuna can, madam."

Halilu ya dubi matarsa. Ita ta riga ta ɗaure gyalenta, tana tambayar mai kaset inda za su bar basfa. Suka bar ta a bayan rumfarsa, suka tsallaka titi zuwa inda ɗan kamasho ke kiran Tawa, saura mutum biyu.